Darasin Tattalin Arziki: Yadda Aƙidar Ciniki Ba Shinge Ta Kafu A Ingila A Ƙarni Na 19

Duk lokacin da aka taso da muhawara a kan ko ya dace gwamnati ta buɗe iyakokin ƙasa ga kayayyakin waje, ko kuwa ta ɗora musu kuɗin fito mai nauyi domin kare manoma da masana'antun gida, hujjojin da ɓangarorin biyu suke kafawa da su tsofaffi ne. Kusan dukkansu an riga an baje su a faifai, an tankaɗe, an rairaye a ƙasar Ingila tsakanin shekarar 1815 da ta 1860. A wannan tsakani ne ƙasar da ta fi kowace ƙarfin masana'antu a wancan zamani ta rushe shingayen da ta ɗauki shekaru aru-aru tana ginawa, ta bar abinci da kayan wasu ƙasashe suka riƙa shigowa kasuwanninta kusan babu haraji. Darasinmu na wannan fitowa zai duba tunanin da ya haifar da wannan mataki, da mutanen da suka yi ta fafutika a kansa, da abin da ya biyo baya, da kuma sukar da aka yi masa.

Da farko ya kamata mai karatu ya rarrabe tsakanin kuɗin fito iri biyu. Akwai wanda gwamnati take sakawa don kawai ta sami kuɗin shiga, kamar wanda Ingila ta riƙa karɓa a wancan zamani a kan ganyen shayi da taba, waɗanda ba a noma su a ƙasar a lokacin. Akwai kuma wanda ake sakawa da gangan domin kayan waje su yi tsada, mai saye ya koma ga na gida. Masu aƙidar ciniki ba shinge ba su da ja a kan na farko. Na biyun ne suka yaƙa.

Halin da ake ciki kafin lokacin

A ƙarni na 17 da na 18, abin da masu mulkin Turai suka yi imani da shi shi ne, arzikin ƙasa yana ga yawan zinariya da azurfar da ta tara, don haka wajibi ne ta sayar wa waje da yawa, ta sayo kaɗan. A bisa wannan tunani Ingila ta kafa dokar jiragen ruwa a 1651, wadda ta keɓe yawancin jigilar kayan ƙasar da na yankunan da take mulka ga jiragen Ingila. A 1700 da 1721 kuma majalisa ta yi dokokin da suka toshe wa yadin auduga na Indiya hanya, domin masaƙan ulu da na siliki na gida sun koka cewa ya kashe musu kasuwa. Har ma doka ta hana ƙwararrun ma'aikata yin ƙaura zuwa ƙetare, ta kuma hana fitar da injunan saƙa, don kada wasu ƙasashe su koyi sana'ar.

Wanda ya fara girgiza wannan gini shi ne Adam Smith, malamin jami'a ɗan ƙasar Sikotlan, a littafin da ya wallafa a 1776 kan asalin dukiyar al'ummai. Smith ya nuna cewa arzikin ƙasa shi ne abin da jama'arta suke iya samarwa su kuma mora, kuma yana ƙaruwa ne idan aka rarraba aiki kowa ya ƙware a fanni guda. Rarraba aiki kuwa yana buƙatar kasuwa mai faɗi. Magidanci mai hankali ba ya ɓata lokacinsa yana ɗinka takalmin da zai iya saye da araha a wurin baduku, kuma abin da yake hikima ga gida ɗaya ba zai zama wauta ga ƙasa ba. Duk da haka Smith ya amince da dokar jiragen ruwa saboda dalilin tsaro, kuma shi kansa bai sa ran za a taɓa ganin cikakken 'yancin ciniki a Birtaniya ba, domin ya san ƙarfin waɗanda suke cin moriyar shingen.

Dokar hatsi ta 1815

A shekarun yaƙi da Napoleon na Faransa, hatsin Turai ya yi wuyar isa Ingila, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo, manyan masu filaye suka faɗaɗa noma har zuwa ƙasa marar albarka, suka kuma ƙara wa manoma kuɗin hayar gona. Da yaƙi ya zo ƙarshe, sai farashi ya fara faɗuwa. Majalisar dokoki a lokacin tana hannun masu filaye ne, don haka a 1815 ta zartar da dokar hatsi, wadda ta haramta shigo da alkamar waje sai in farashin ta gida ya kai sule 80, wato fam 4, a kan awon da suke kira kwata, wanda nauyinsa ya ɗan haura kilo 200. Jama'ar Landan sun yi bore, har sai da aka girke sojoji a kewayen majalisa. A 1828 aka sassauta dokar, aka maye gurbin haramcin da harajin da yake sauka idan farashin gida ya hau, yake kuma hawa idan farashin ya sauka. Manufar dai ba ta sauya ba.

Burodin alkama shi ne tuwon leburan Ingila, kuma shi yake cinye kaso mafi girma na ladan aikinsa. Saboda haka batun dokar hatsi ya zama batun wa zai ci, wa zai biya, tsakanin rukuni uku: masu filaye, masu masana'antu, da 'yan ƙwadago.

David Ricardo da hujjojinsa biyu

David Ricardo, wanda aka haifa a 1772 ya rasu a 1823, dillali ne a kasuwar hannun jari ta Landan, inda ya tara dukiya mai yawa kafin ya koma nazari, daga baya kuma ya shiga majalisa a 1819. Abin lura shi ne, shi ma ya sayi manyan filaye da dukiyarsa, wato dokar hatsi tana amfanar aljihunsa, amma ya soke ta. Amininsa Thomas Malthus, limamin coci kuma malamin kwaleji, shi ne ya goyi bayanta, bisa hujjar cewa ƙasar da ta dogara da wasu wajen abincinta tana cikin haɗari ranar yaƙi ko ranar fari. Su biyun sun yi shekaru suna musayar wasiƙu a kan wannan batu ba tare da zumuncinsu ya taɓu ba.

Hujjar Ricardo ta farko ta shafi hayar ƙasa, kuma ya gabatar da ita a wata ƙasida a 1815. Ya ce gonaki ba ɗaya suke ba, akwai mai albarka akwai marar albarka. Idan jama'a suna ƙaruwa aka kuma hana shigo da hatsi, dole a riƙa nome ƙasar da ba ta da kyau, inda ake kashe aiki mai yawa a sami amfani kaɗan. Farashin hatsi a kasuwa kuwa ɗaya ne, kuma tilas ya kai matsayin da zai biya wahalar noma gona mafi muni, in ba haka ba babu mai noma ta. Rarar da take fitowa daga gona mai kyau ba ta zama a hannun manomi, domin manoma suna rige-rigen samun gonar, sai mai ƙasa ya karɓe rarar a matsayin haya. Can kuma a birni, tunda burodi ya yi tsada, dole mai masana'anta ya ƙara ladan aiki don leburansa ya rayu. Leburan bai ƙaru da komai ba, ribar mai masana'anta ta ragu, mai fili kaɗai ya amfana alhali bai ƙara ko da gumi ɗaya ba. Idan riba ta ci gaba da raguwa, masu jari za su daina zuba jari, bunƙasar ƙasa ta tsaya cik. Mafita a wurin Ricardo ita ce a bar hatsi mai araha ya shigo, ko da yake ya ba da shawarar a janye kariyar sannu a hankali don kada manoman da suka zuba jari bisa dogaro da doka su durƙushe.

Hujjarsa ta biyu ita ce ta fi shahara, kuma tana cikin littafinsa na 1817 kan ka'idojin tattalin arziki da haraji. Kowa ya yarda cewa idan wata ƙasa ta fi mu iya yin wani abu, mu kuma muka fi ta iya yin wani, musanya za ta amfane mu duka. To, idan ƙasar ta fi mu iya yin komai fa? Ricardo ya ce ko a haka ma akwai riba, ya kuma kawo misali da Ingila da Fotugal, da kaya biyu, yadi da giyar inabi.

A misalin nasa, Ingila tana buƙatar aikin mutum 100 na shekara guda kafin ta samar da wani adadi na yadi, da aikin mutum 120 kafin ta samar da wani adadi na giya. Fotugal kuwa mutum 90 sun ishe ta ga yadin, mutum 80 ga giyar. Ke nan Fotugal ta fi Ingila a fannonin biyu. Amma fifikon nata ya fi girma a giya, kuma raunin Ingila ya fi ƙanƙanta a yadi. Idan Ingila ta saƙa yadi ta ba Fotugal ta karɓi giya, ta sami abin da zai ci mata aikin mutum 120 da aikin mutum 100, ta tsira da mutum 20. Fotugal kuma ta sami yadin da zai ci mata mutum 90 da aikin mutum 80, ta tsira da mutum 10. Waɗannan mutum 30 za su koma wani aikin, abin da ƙasashen biyu suke samarwa gaba ɗaya ya ƙaru, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba.

Mai karatu zai ga wannan ka'ida a shagon tela. Maigidan shago ya fi yaronsa iya aikin wuyan riga, ya kuma fi shi iya guga. Amma idan ya tsaya guga, aikin wuyan da ya fi kawo kuɗi zai kwanta. Abin da ya fi masa shi ne ya bar wa yaron guga ko da yaron bai kai shi sauri ba. Abin dubawa a kullum shi ne me mutum ya bari domin ya yi abin da yake yi. Wannan ita ce ka'idar da masana suke kira fifiko na gwaji, kuma Bahaushe ya taƙaita ta da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai Ricardo ya gina misalinsa a kan sharaɗin cewa jari da ma'aikata ba sa ƙaura cikin sauƙi daga wata ƙasa zuwa wata, sharaɗin da ya yi rauni ƙwarai a zamaninmu.

Daga littafi zuwa dandalin taro

Hujja komai ƙarfinta ba ta sauya doka sai ta sami masu ɗauke da ita. A 1820 'yan kasuwar Landan suka miƙa wa majalisa takardar koke, wadda Thomas Tooke ya rubuta, suna neman a sassauta shingayen ciniki. A shekarun 1820 William Huskisson, shugaban hukumar ciniki, ya rage kuɗin fito a kan kayayyaki da dama. A 1832 kuma aka gyara dokar zaɓe, garuruwan masana'antu irin su Manchesta suka sami wakilai a majalisa, masu matsakaicin hali suka sami ƙuri'a.

Daga 1837 tattalin arzikin ƙasar ya shiga mawuyacin hali, damina ta yi ta ɓaci, masaƙu suka riƙa sallamar ma'aikata. A 1838 aka kafa ƙungiyar adawa da dokar hatsi a Manchesta, wadda ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1839. Jagororinta biyu su ne Richard Cobden, mai masana'antar buga zane a jikin yadi, da John Bright, mai masaƙar auduga a garin Rochdale. Cobden gwani ne wajen jera hujja da lissafi, Bright kuma mai zafin harshe ne da yake motsa zukatan masu sauraro.

Ƙungiyar ta yi aiki da tsari irin wanda ba a saba gani ba. Ta ɗauki masu lacca tana biyansu suna zagaya ƙasa. Ta yi amfani da sabon tsarin gidan waya na 1840, wanda ya mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya, ta aika wa masu zaɓe miliyoyin ƙasidu. Ta riƙa bin rajistar zaɓe mazaɓa bayan mazaɓa, tana ƙarfafa magoya bayanta su sayi ƙananan filayen da za su ba su ikon jefa ƙuri'a. A ƙarshen 1845 ta buɗe asusun neman fam 250,000. A 1843 kuma James Wilson ya kafa mujallar The Economist domin yaɗa wannan aƙida.

Cobden ya ɗora hujjarsa a kan ginshiƙai uku. Na farko, dokar hatsi haraji ne a kan cikin talaka domin amfanin masu sarauta. Na biyu, ƙasashen da aka hana su sayar wa Ingila hatsi ba su da abin da za su sayi yadinta da shi, don haka shingen yana kashe kasuwar masaƙu. Na uku, wanda ya fi ba shi muhimmanci, shi ne zaman lafiya: al'ummomin da cinikinsu ya sarƙe da juna zai yi wuya su ɗauki makami a kan juna. Duk da haka ba dukkan talakawa suka bi shi ba. Ƙungiyar 'yan ƙwadago masu neman ƙuri'a ga kowane namiji baligi ta riƙa zargin cewa masu masaƙu suna son burodi mai araha ne don su sami damar rage ladan aiki, har sukan tarwatsa tarukan ƙungiyar.

Robert Peel da shekarar 1846

Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wato jam'iyyar masu filaye, ta ci zaɓen 1841 a ƙarƙashin Robert Peel, kuma magoya bayanta sun zaɓe ta ne don ta kare dokar hatsi. Peel ya fara da gyaran baitulmali. A kasafin kuɗin 1842 ya dawo da harajin kuɗin shiga, kwabo 7 a kowace fam ga wanda samunsa ya kai fam 150 a shekara, sannan ya yi amfani da abin da aka tara ya rage kuɗin fito a kan ɗaruruwan kayayyaki. Wannan mataki yana da muhimmanci ga mai nazari, domin gwamnatin da ta dogara da kwastan ba za ta iya sauke kuɗin fito ba sai ta samo wata hanyar samun kuɗi. Da ya ga ciniki ya haɓaka bayan ragin, kuma ladan aiki bai bi farashin hatsi ya sauka ba, sai ra'ayinsa ya fara sauyawa.

A 1845 wata cuta ta afka wa dankalin Turawa a tsibirin Ailan, inda shi ne abincin miliyoyin talakawa. Yunwar da ta biyo baya ta hallaka kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura. Peel ya ga babu yadda gwamnati za ta kashe kuɗin jama'a wajen ciyar da mayunwata alhali tana hana abinci shigowa, kuma idan aka buɗe ƙofa sau ɗaya ba za a iya sake rufe ta ba. A watan Mayu na 1846 majalisar wakilai ta amince da soke dokar da ƙuri'a 327, masu adawa 229. Kimanin kashi biyu cikin uku na 'yan jam'iyyarsa sun juya masa baya, Benjamin Disraeli yana kan gaba wajen caccakarsa, kuma da ƙuri'un 'yan adawa ne ƙudurin ya wuce. A watan Yuni dokar ta tabbata, kuma cikin 'yan kwanaki Peel ya sauka daga mulki, jam'iyyarsa ta dare gida biyu. Soke dokar bai ceci mutanen Ailan ba, domin an tsara ragin ne a kan shekara uku, kuma wanda ba shi da kuɗi araha ba ta amfane shi.

Abin da ya biyo baya

A 1849 aka soke dokar jiragen ruwa. William Gladstone, a kasafin kuɗin 1853 da na 1860, ya share mafi yawan sauran kuɗin fito, har ya rage 'yan kayayyaki ƙalilan da ake karɓar haraji a kansu don samun kuɗin shiga. A 1860 Cobden da Michel Chevalier na Faransa suka ƙulla yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen biyu, kuma yarjejeniyoyin da suka biyo bayanta a Turai sun ginu a kan sharaɗin cewa duk rangwamen da ƙasa ta yi wa wata, sai ta yi wa sauran abokan yarjejeniyarta. Wannan sharaɗi shi ne ya zama ginshiƙin yarjejeniyar kuɗin fito da ciniki ta 1947, da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da aka kafa a 1995.

Rushewar noma da masu filaye suka yi hasashe ba ta zo nan take ba. Kusan shekara 25 farashin alkama bai faɗi sosai ba, manoman Ingila ma sun yi zamanin wadata. Sai daga shekarun 1870, da layin dogo ya ratsa filayen Amurka, jiragen ruwa masu tururi kuma suka rage kuɗin dako, hatsi ya yi ta kwarara. A 1894 kwatar alkama ta faɗi ƙasa da sule 23. Ma'aikacin birni ya ci ya ƙoshi, masu noman hatsi suka kwana ciki, leburorin gona suka yi ta tururuwa zuwa birane da ƙasashen ƙetare. Kafin 1914 kimanin kashi huɗu cikin biyar na alkamar da Birtaniya take ci daga waje take zuwa, kuma a yaƙe-yaƙen duniya biyu jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun tuna wa ƙasar gargaɗin Malthus.

Masu gyara da masu suka

Ko a cikin Ingila masana ba su ɗauki aƙidar a matsayin wadda ba ta da togiya ba. Ricardo ya nuna akwai riba a ciniki, amma bai fayyace yadda ake raba ta ba. John Stuart Mill, a littafinsa na 1848, ya bayyana cewa rabon ya danganta da ƙarfin buƙatar kowace ƙasa ga kayan ɗayar: wadda ta fi matsuwa ita take karɓar kaso kaɗan. Wannan darasi ne ga duk ƙasar da take sayar da ɗanyen kaya iri ɗaya tak. Robert Torrens ya yi gargaɗin cewa ƙasar da ta sauke shingenta ita kaɗai, alhali wasu sun riƙe nasu, za ta iya yin asara, don haka ya fi son a yi ba-ni-in-ba-ka. Mill kuma ya amince cewa ƙasa mai tasowa za ta iya kare jaririyar masana'anta na ɗan lokaci, in dai masana'antar ta dace da ƙasar kuma akwai alamar za ta tsaya da ƙafarta. Daga baya ya koka da yadda masu son kariya ta dindindin suke fakewa da wannan magana tasa.

Suka mafi ƙarfi ta fito ne daga Bajamushe Friedrich List a 1841, wanda ya ɗora a kan tunanin Alexander Hamilton na Amurka. List ya ce Ingila ta gina masana'antunta a bayan shinge, sai da ta tsere wa kowa sannan ta fara wa'azin a rushe shinge, kamar wanda ya hau soro ya janye tsani. Tarihin dokokin 1651 da 1721 yana ba shi gaskiya, haka ma kasancewar ba a ɗage haramcin fitar da injuna ba sai a 1843. Ya ƙara da cewa fifikon ƙasa abu ne da ake iya ginawa ta hanyar koyo, don haka ikon samar da dukiya ya fi dukiyar kanta daraja.

Akwai kuma inda aka buɗe kasuwa da bakin bindiga. Yaƙin da Birtaniya ta yi da ƙasar Sin daga 1839 zuwa 1842 ya samo asali ne daga yunƙurin Sin na hana shigo da ƙwayar ofiyom, kuma ya ƙare da tilasta mata buɗe tashoshin ruwa biyar da sallama Hong Kong. Cobden ya yi tir da irin wannan aiki, kuma a 1857 ya jagoranci ƙudurin da ya kayar da gwamnati a majalisa a kan yaƙi na biyu da Sin, amma a zaɓen da ya biyo baya shi da Bright suka rasa kujerunsu. A Indiya, matsin lambar masu masaƙun Ingila ya sa aka soke kuɗin fito a kan yadi a 1882, kuma da aka dawo da shi a shekarun 1890 sai aka ɗora wa yadin masaƙun Indiya haraji na cikin gida don kada ya sami fifiko.

Wannan ƙasa tamu ma ta ga irin wannan fuska biyu. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya ayyana 'yancin zirga-zirgar jirage a kogin Kwara, amma kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin mulki daga gwamnatin Birtaniya a 1886, ya yi amfani da lasisi da haraji ya kori abokan gasa, lamarin da ya tunzura mutanen Nembe suka kai wa cibiyarsa ta Akassa hari a 1895. A Kano, Heinrich Barth ya tarar a 1851 cewa yadin garin yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma ga yadin Manchesta a kasuwa. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, suna fatan Arewa ta zama gonarsu. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, manoma suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, audugar kuma masaƙan gida sun fi ba ta daraja, sai suka rungumi gyaɗa.

Ja da baya

Fatan Cobden na cewa duniya za ta bi sawun Ingila bai cika ba. Amurka ta ɗaga kuɗin fitonta daga 1861, Jamus a 1879, Faransa a 1892, kuma kafin yaƙin duniya na farko Amurka da Jamus sun wuce Birtaniya a ƙera ƙarfe. A 1903 Joseph Chamberlain ya fara yaƙin neman a dawo da kariya, amma masu zaɓe suka ƙi a 1906, domin araha ta burodi ta riga ta zama abin da talaka ba ya yarda a taɓa. Sai da tattalin arzikin duniya ya durƙushe sannan Birtaniya ta saka kuɗin fito na kashi 10 cikin 100 a kan yawancin kayayyaki a 1932.

Abubuwan lura

Na farko, ka'idar Ricardo ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙara abin da ƙasa take samu a dunƙule, amma ba ta ce kowane ɗan ƙasa zai amfana ba. Akwai mai ci akwai mai asara, kuma gwamnatin da ba ta tanadi abin da za ta yi wa masu asara ba ta bar baya da ƙura.

Na biyu, kowane shinge yana da mai biya. Dokar hatsi ta kare masu filaye ne da kuɗin da ake cira daga aljihun mai sayen burodi. Duk wanda ya nemi kariya, a tambaye shi wa zai biya, nawa ne, kuma har yaushe.

Na uku, lokaci da mataki suna da tasiri. Ingila ta buɗe ƙofarta bayan masana'antunta sun yi ƙarfi, bayan kuma Peel ya samar wa baitulmali wata hanyar samun kuɗi.

Na huɗu, togiyar Mill tana da sharuɗɗa: wa'adi, dacewa, da alamar tsayawa da ƙafa. Masana'antar da ta shekara talatin tana neman kariya ba jaririya ba ce.

Nijeriya ta soke lasisin shigo da kaya da hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na 1986. A watan Yuli na 2019 ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka a birnin Yamai, a watan Agusta na shekarar kuma ta rufe iyakokinta na ƙasa, musamman saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta fara buɗe su ba sai a Disamba na 2020. Tsakanin manomin da yake son amfaninsa ya yi daraja da magidancin birni da yake son mudu ya yi sauƙi, tambayar da Ricardo da Malthus suka yi ta musu a kanta tana nan, kuma wanda ya san yadda Ingila ta amsa ta, da abin da amsar ta jawo mata na riba da asara, zai fi iya auna maganar kowane ɓangare.